Jinin Minti Uku

Na ga saƙonninku, masu karatu, har da na waɗanda suka ce ba ni da zuciya. Ban ji haushi ba, don ba ku kuka fara ba. A gidanmu ma Ƙwan Zabo ake ce mini. Duk bikin Ista muna dafa ƙwai mu rina su, kowa ya riƙe nasa ana gwarawa, wanda nasa ya fashe ya faɗi. To na zabo ba ya fashewa, shi ya sa ba a barinsa ya shiga gasar ƙwan kaji. Ke kuma da kika ce in ba ki lambar Lucien tunda ni ba na so, ki yi haƙuri 'yar'uwa, ba ya ɗaga baƙuwar lamba.

Ga wanda yau ya shigo, sunana Noemi Guidry, shekarata ashirin da bakwai, ina karatun digiri na uku a kan tsuntsaye a nan Louisiana. Lucien Fontenot shi ne likitan dabbobin jami'armu, shekara biyu muna tare. Ranar Lahadin da ta wuce ina wanke tukunya a kicin ɗinsa, hannuna duk kumfa, sai na juyo na gan shi gwiwa ɗaya a ƙasa da ɗan akwati a buɗe. Na dubi zoben, na dube shi, na ce, "Yana da kyau. Zan yi tunani." Na goge hannuna, na ɗauki makullin motata na fita. A nan muka tsaya, a nan kuma kuka fara zagina.

Kafin ku ƙarasa zagin ku bari in gaya muku aikina, don sauran labarin ba zai shiga ba sai da shi.

Muna da ɗakuna cike da finci, wasu ƙananan tsuntsaye masu jan baki, waɗanda in ka riƙe ɗaya a tafin hannu kamar ba ka riƙe komai ba. Bakinsu ba ya hutawa. Mace da namiji in sun haɗu, sun haɗu kenan. Kowanne yana da zoben roba biyu masu launi a ƙafa, da su muke kiransa: Ja-Ja, Fari-Kore, Shuɗi-Baƙi. Eh, na sani, mai saka wa tsuntsaye zobe ta ƙi karɓar nata. Shonda abokiyar aikina ta riga ku yin wannan barkwancin, kuma ko a bakinta bai ba ni dariya ba.

A jinin tsuntsu akwai wani sinadari da jiki ke saki idan tsoro ko wahala ta zo. Sunansa dogo ne, mu dai kot muke ce masa. Shi ke tura ƙarfi cikin jini, ya ce wa jiki a ajiye komai a tsira tukuna. Ba mugun abu ba ne, in babu shi da shaho ya gama da kowa. Tambayarmu ita ce, ɗan tsuntsun da ya sha shi da yawa tun yana cikin sheƙa, yaya zai zama in ya girma? Saboda haka rabin 'ya'yan, tun gashinsu bai gama fitowa ba, muke ɗiga musu kot a baki cikin man gyaɗa, safe da yamma, na kamar mako biyu. Sauran rabin man gyaɗa zalla. Daga nan a ƙyale su. Gero ɗaya, ruwa ɗaya, keji iri ɗaya, babu mai sake takura musu har su girma.

In sun girma sai mu ɗebi jini, kuma a nan dokar minti uku ta shigo. Daga lokacin da ka murɗa ƙofar ɗakin, tsuntsu ya san an shigo, amma kot ba ya bayyana a jini nan take, sai ya yi kamar minti uku yana tahowa. Dole ka kama shi, ka buɗe fiffike, ka tsikari jijiya, ka cika siririn bututun gilas kafin ukun nan su cika. Wani yana tsaye da agogo rataye a wuya yana duba maka. In ya ce "Lokaci!" ba ka gama ba, wahalar ta tashi a banza. Ranar da muka fara haɗuwa ma Lucien ne ya riƙe mini agogon, kalmar farko da ya taɓa gaya mini a duniya ita ce "Lokaci!" Wannan jinin farko shi ke nuna tsuntsu a zaman lafiyarsa. Sai ka saka shi a 'yar jakar yadi, ka rataye a wuri mai duhu, rabin awa ta cika, ka sake ɗiba. Na biyun shi ke nuna yadda yake in duniya ta damƙe shi.

A jinin minti uku ba ka bambance su. Wanda ya sha wahala da wanda bai sha ba, duk ɗaya. Sai a jinin jaka. Waɗanda muka ɗiga wa kot, nasu tashi yake kamar madarar da aka manta a kan wuta, kuma ya daɗe bai sauka ba.

Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wasu masu bincike a ƙetare sun taɓa ganin cewa ba mai wahalar kaɗai ke mutuwa da wuri ba, har abokin zamansa, wanda bai taɓa shan komai ba sai man gyaɗa. Farfesarmu ta ce mu ma mu haɗa namu mu gani. Shekara uku kenan muna gani.

Ranar Jumma'ar da ke kafin Ista jami'a a rufe take, amma tsuntsu bai san hutu ba. Na saka tsohon wandon jins, baƙar riga mai tabon bilic a kafaɗa, da takalmin robar da ba na shiga gida da shi. Ina ɗaure gashina wayata ta fara tsuwa. Nanan ce. Sunanta Verna, yayar babana, ita ta riƙe ni a coci ranar baftisma, ita kuma ta raine ni tun ina shekara shida. Da manyan baƙaƙe ta koyi rubutu a waya, kuma ta ƙi sauka daga kai.

"BUHU BIYAR NA KROFISH NA SAYA. KI ZO DA WURI."

"KI SAKA RAWAYAR RIGAR NAN BA KAYAN KASHIN TSUNTSU BA."

"NA GAYYACI LIKITA YA CE ZAI ZO."

"KI TAHO DA HANNUNKI NA HAGU INA SON GANINSA."

Na rubuta, "To, Nanan." Ta aiko hoton hannayen addu'a har layi biyu. Lucien kuwa tun Lahadi saƙo ɗaya ya aiko: "Babu gaggawa. Kin bar abin ɗaure gashinki a kan firij." Shi kenan fa. Mutumin nan haƙurinsa har haushi yake ba ni.

Ina zuba gero keji keji sai na ga Ja-Ja ita kaɗai a kan sanda, tana ta 'yar ƙararta. Ja-Ja 'yar kot ce, ni da hannuna na ɗiga mata. Kyakkyawa, gashi a kwance luf, ba ka ce ta taɓa ganin wahala ba. Mijinta Fari-Kore ɗan man gyaɗa ne, ƙosasshe, mai fara waƙa tun kafin a kunna fitila. Yana ƙasan keji a kan takarda, ƙafafu a dunƙule. Jiya-jiyan nan na gan shi yana gyara mata gashin wuya. Na ɗauke shi, ya riga ya sandare. Ban ji komai ba, kada ma ku tambaya.

Shonda ta leƙo daga bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. "Wa aka rasa?"

"Fari-Kore."

"Kash! Mawaƙinmu? Mijin wa ma yake?"

Na nuna Ja-Ja da haɓa. Ta san ba shi ne mijin 'yar kot na farko da ya mutu haka ba, ba kuma na biyar ba. A ɗakin da aka haɗa 'yan man gyaɗa da junansu, tsofaffi suna nan suna ta surutunsu.

"Noemi, na ga fuskar nan," ta ce. "Tsuntsu ne fa. Tsuntsu! Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba."

"Na ce wani abu?"

"Ai gara ki ce. Ke in kika yi shirun nan, ni tsoro nake ji. Kuma ba mu gama ƙirga ba, Farfesa da kanta ta ce kada kowa ya buɗe baki sai sun ƙaru."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Bawan Allah ya durƙusa miki a kan tayil da gwiwar da aka yi wa aiki, kin ce masa yana da kyau kamar an nuna miki labule. Ni da wani zai nuna mini ko zoben makulli ne, da tuni an ji ihuna a Texas."

Dokar ɗakin ita ce duk tsuntsun da ya mutu a saka shi a leda a ajiye a firij, likita ya zo ya buɗe shi ya ga dalili. Likitan kuwa kun san shi. Na ajiye, na wanke hannu, na rubuta masa: "Fari-Kore ya mutu, mijin Ja-Ja. Yana firij. Ka duba shi da kyau, amsata tana cikinsa." Na ga alamar ya karanta.

Na saka rawayar rigar. Ba don komai ba, faɗa da Nanan a kan riga asarar yawu ne. Mai ɗaurin baya ce, da ƙananan furanni farare a gefen wuya, ta saya mini tun bara tana cewa launin yana sa in yi kama da mai rai. Na ƙara 'yan kunnen kakata, na bar hannun hagu yadda Allah ya yi shi, babu zobe.

Tun daga kwanar titinsu a Arnaudville barkono ya shaƙe ni. Ranar ba a cin nama, shi ya sa kowane gida ke dafa krofish, jatan landen fadamarmu. Nonk Alton, mijin Nanan, yana tsaye kan ƙatuwar tukunya a rumfar mota da muciya kamar ta tuƙin kwale-kwale. An shimfiɗa jaridu a kan dogon tebur, an juye zagayen farko tsibi guda, jajaye suna tururi, ga masara, ga dankali, ga albasa da tafarnuwa. 'Yan'uwa sun jeru suna murɗe kai suna tsotsa, ba mai kallon wani.

"Ga Ƙwan Zabo!" in ji Nonk Alton. "Zo nan in ga hannun. Af, wayam? Haba yarinya, ki tausaya wa shanuna mana. Likita a cikin dangi, ke kin san abin da kike so ki jawo mini asararsa?"

Na ce, "Nonk, shanun su aure shi."

"Da sun iya tsayawa gaban fada a coci, ai da tuni!"

Aka kwashe da dariya. Nanan ta fito ta kama ni a gwiwar hannu ta ja ni kicin. Ƙwan Lahadi take rinawa, yatsunta shuɗi da ja, ta ɗaura rigar girkin nan mai hoton zakara a kan kayan cocinta. Ta tura ƙofa da ƙugu.

"Zauna. Uwar yaron ta tare ni a coci, ta ce ya daina cin abinci. Me ya yi miki?"

"Ba komai."

"Mashayi ne?"

"A'a."

"Yana bin mata?"

"A'a."

"Ya taɓa ɗaga miki murya?"

"Ko ga kyanwa ba ya ɗagawa."

"To uban me kike jira? Mala'ika? Su ma sun yi aikensu sun koma. Shekarata saba'in da ɗaya, Noemi, gwiwata ba za ta jira digirinki ba. Mayafin auren kakarki yana cikin akwati, asu ya fara ɗanɗana gefensa."

Na ɗauki ƙwai ɗaya na tsoma a ruwan kore. Na ce, "Nanan, me ya kashe Dadi?"

Cokalin hannunta ya tsaya.

Ban taɓa ba ku wannan ba, to ga shi a taƙaice. Uwata, Darlene, a gidajen riƙo ta tashi, daga wannan hannu zuwa wancan. Babana Curtis ya gan ta a wurin rawa ya ce ita ko babu. A waje ba a taɓa ganin mace mai sanyi irinta ba, kowa yabonta yake. A gida kuwa, sai an daɗe da faɗin maganar da ta ɓata mata rai, har an manta, sannan faranti ya fara tashi. Na koyi gane takunta kafin in koyi karatu. Na kwana a ƙarƙashin tebur, na kwana a baho, na kwana a mota. Babana ba ya ramawa, sai dai ya share gilas ya ɗauke ni. Yana da shekara talatin da takwas zuciyarsa ta tsaya a kan jirgin kamun kifi, mutumin da ko mura ba ta taɓa kwantar da shi ba. Ba a daɗe ba uwata ta ajiye ni a ƙofar Nanan da kayana a leda ta wuce. Ranar jana'izar kuwa ina ƙarƙashin wannan teburin na kicin, na ji Nanan tana ce wa wata mata, "Matar nan ce ta cinye mini ƙane. Lafiyayye ta same shi."

Na maimaita mata maganar yadda ta faɗe ta.

"Ke!" Ta dafe ƙirji da shuɗin hannu, ya bar shaida a kan zakaran. "Ashe kina nan? Maganar baƙin ciki ce, 'yar nan. Wanda ya binne ƙanensa ai ko bango ya samu zai zaga."

"Amma ƙarya ce?"

Ta koma kan ƙwan da take rinawa. Nanan ba ta iya ƙarya a irin wannan rana ba.

"Ke ba ita ba ce," ta ce daga baya.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Nanan."

"Rufe mini baki! Tunda kika shigo gidan nan ko kofi ba ki taɓa fasawa ba. Ko kuka ban taɓa ganin kin yi ba. Ranar da aka ɗinke miki goshi ma, likitan ne ya yi gumi."

"Eh," na ce. "Ba ki taɓa gani ba."

Gaskiyarta ce, ba ta taɓa gani ba. Ku ma ba ku gani ba, don na yanke muku labarin a bakin ƙofar Lucien. Ga ragowar. Ranar Lahadin nan na tuƙa lafiya lau har na haye gada, ina ma sauraren rediyo. Sai a filin ajiye motoci na wani kanti abin ya iso. Hannuna ya ƙi sakin sitiyari, haƙorana suna karo da juna, na yi amai a kan takalmina, na doki gaban motar har gefen hannuna ya kumbura. Ban iya tashin mota ba sai da rana ta faɗi. Haka nake tun ina yarinya. Duk abin da ya same ni, ina da 'yan mintuna da fuskata take tawa, a cikinsu nake ba da amsa mai kyau in nemi ƙofa. Sauran a banɗaki nake yi, ko a mota, ko bayan garken Nonk. Duk wanda ya ce ya san ni, jinin minti uku ya sani.

Aure kuwa ba kullum yake da ƙofa ba. Wanda ya aure ni zai ga jinin jaka, ya zauna da shi shekara da shekaru, ya dinga share gilas. Ina son Lucien, tunda sai na faɗa da baki za ku yarda. Ina sonsa, kuma ina so ya tsufa.

Daga waje Nonk ya ƙwala, "Ga likita! Ku ba shi giya kafin a ba shi haƙuri!"

Ya shigo cikin shuɗiyar riga mai maɓalli da ta sha guga, amma wuyan ya yi masa yawa, ashe uwarsa ba ta yi ƙarya ba. Ya cire hula, ya miƙa wa Nanan kek ɗin lemon tsami da uwar ta aiko.

"Mis Verna, barka da rana. Ki ɗan ara mini ita."

"Ɗauka gaba ɗaya, Likita, ba sai ka dawo da ita ba."

Ya ajiye motarsa can ƙarƙashin babbar bishiyar bakin ruwa. Na buɗe na shiga, ya zagaya ya shiga. Cikin motar warin kare da maganin wanke ciwo, kamar kullum, ga abin ɗaure gashina an rataye a jikin madubi.

"Na buɗe Fari-Kore," ya ce.

"To?"

"Babu cuta, babu rauni, cikinsa cike da gero. Ƙarewa kawai ya yi, kamar wanda ya girmi shekarunsa."

Na so ya musa. Na taho da amsoshina a shirye: in ya ce tsuntsu ba mutum ba ne ga abin da zan ce, in ya ce adadin bai kai ba ga abin da zan ce. Bai faɗi ko ɗaya ba.

"Ni nake buɗe su duka, Noemi. Na riga ki lura. Da sanina na je na sayi zoben."

"To ka ga amsata," na ce. "A'a ce. Kai mutumin kirki ne, ka nemi 'yar man gyaɗa irinka ku tsufa tare. Na gode da komai."

Muryata ko rawa ba ta yi ba, har na ji daɗin yadda ta fita. Na kai hannu ga mariƙin ƙofa. Sai ya zaro wani abu daga aljihun rigarsa ya ajiye a gabanmu. Agogon ɗakin tsuntsaye ne, baƙin nan mai igiyar da Shonda ta naɗe da salatif. Yana tafiya.

"Tun da kika murɗa ƙofar motar nan na danna," ya ce. "Ko minti biyu ba a cika ba. Jinin farko kika ba ni. Na karɓa, yana da kyau."

"Lucien, ba na son wasa."

"Ni ma. In ɗalibi ya kawo miki jinin farko kaɗai ya ce ya san tsuntsu, me za ki yi masa?"

"In kore shi."

"To. Ranar da na ce ina sonki, kin ce kin bar murhu a kunne. Ranar da kyanwarki ta mutu a hannuna, kin ce kin gode, kin tafi sayen madara. Madarar wa? Ranar Lahadi ban gama miƙewa daga durƙuso ba na ji tashin mota. Shekara biyu, ban taɓa ganin kin kai minti huɗu ba."

"Ba ka son ganin abin da ke bayan nan."

"Wataƙila. Amma tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Ni na ja, ki bari ya dake ni in ji nauyinsa. Fari-Kore ba wanda ya tambaye shi, ku kuka zura shi a keji kuka rufe. Ni ki tambaye ni."

Hannuna yana kan mariƙin.

"Rabin awa," ya ce. "Ban kulle ƙofa ba, ba kuma zan tare ki ba. In ta cika kika sake ce mini a'a, na rantse zan je in ci krofish, in yi wa Mis Verna sallama, ba za ki sake jin maganar daga bakina ba."

Ta gilashin gaba ina hango Nanan a tagar kicin, tana goge wuri ɗaya da tsumma tun ɗazu. Yara sun fara gwara ƙwai a kan matakala, ba su jira Lahadi ba. Na dubi agogon. Minti biyu da daƙiƙa arba'in. A ƙa'ida yanzu ina cikin motata, na ma saka giya. Na lissafa tazarar, na ga in na fita yanzu zan kai bayan garke kafin abin ya iso, babu wanda zai gani, gobe kuma in tashi Ƙwan Zabo kamar kullum. Shi kuma ya yi baƙin cikinsa na shekara guda, ya samu wata, ya yi furfura. Lissafin daidai yake, ko Farfesa ba za ta samu kuskure a ciki ba.

Biyu da hamsin da biyar. Kada ku tambaye ni me ya hana ni, ban sani ba. Wataƙila rawayar rigar ce ta maƙale a kujera.

Uku ta cika. Na jira ya ce "Lokaci!" Bai ce ba.

Daga gwiwa ya fara, kamar kullum. Sai ciki, sai haƙora. Ban taɓa jin tahowarsa da numfashin wani mutum a kusa da ni ba. Lucien bai taɓa ni ba, tafin hannunsa kawai ya ajiye a buɗe a kan kujerar da ke tsakaninmu. Ni na saki ƙofar, ni na ɗora wuyan hannuna a kai. Ya riƙe shi tsakanin yatsu biyu, sako-sako, yadda muke riƙe finci, don in ka matse ƙirjin tsuntsu ba ya iya numfashi.

Na buɗe baki in ce masa ba komai, yanzu zai wuce. Abin da ya fito ba shi ba ne, kuma muryar ba tawa ba ce. Na san ta, ta uwata ce. Rabona da jinta tun ina ƙarƙashin tebur.

"Zan kashe ka, wawa! Ba ka gani ba ne? Cinye ka zan yi!"

Har yaran kan matakala suka waiwayo. Tsumman Nanan ya tsaya a jikin taga. Lucien ya dube ni, fuskarsa ta yi fari fat. Ya tsorata, na gani, kuma bai ɓoye ba. Amma bai janye hannun ba. Ya dubi agogon.

"Na ji," ya ce. "Saura minti ashirin da shida."